Magini a Kan Tabarma

Makon jiya aka aiko mini daga Katagum cewa an rushe tsohon gidanmu. Jikokin ƙanin maigidana ne a ciki tun bayan da muka dawo Azare, sun ce ƙasar ta gaji, kowace damina sai wani ɓangare ya zube, gara su sa bulo da kwano su huta. Ban ga laifinsu ba. Wa zai iya da yaɓe duk shekara a wannan zamani, alhali masu yaɓen ma sun ƙare? Na ce a gaya musu Allah ya sa albarka, ya ba su ikon gamawa. Amma da ɗan saƙon ya fita sai na kasa cin abincin da aka ajiye mini. Jikina yana nan ɗaki mai tayil da fanka, hankalina kuwa ya koma wancan tsakar gida da na shiga ina amarya, inda na ga abin da ciwo yake yi wa mutum idan tsoro ya taya shi.

A wancan lokaci rani shi ne lokacin gini. Da an gama kai amfanin gona gida an cika rumbuna, ruwan kogi ya ja baya, sai garin ya ɗauki wata irin ƙara da yaran yanzu ba su san ta ba. Tun da sassafe za ka ji luguden mata gida gida. Kafin hantsi jakuna sun fara wucewa ta bayan katanga da mangalar ƙasa daga kududdufi. Sai ƙarar ƙafafun masu kwaɓi, caɓal caɓal, suna tattaka ƙasa da ciyawa, wani na waƙa sauran na amsawa. Sama da duka kuma muryar magini daga kan bango: "Tubali!" a jefa masa ya cafe. "Ƙasa!" a jefa masa curi. Mu matan aure ba ma ganinsu, muna cikin gida, amma da kunne muke sanin gidan wa ake ginawa da inda aikin ya kai. In an gama ɗaki kuma sai namu ya zo, a tara matan unguwa a yi daɓe, kowace da madaɓinta, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ana bugu ana waƙa, har ƙasan ɗakin ya yi santsi yana ƙyalli. Yanzu a nan unguwarmu injin buga bulo ne ke tashe ni, ya yi ta girgiza har azahar, ba waƙa ba amshi, gida kuma ya tashi cikin ɗan lokaci ba ka san hannun wa ya taɓa shi ba.

Maigidana magini ne, gadon gidansu ne. Ni daga Itas aka kawo ni. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, in ya dawo da yamma har gashin girarsa da ƙasa. Ana cewa da hannu ɗaya yake cafe tubali komai tsayin bango. Ni ban taɓa gani ba, labari nake ji wajen matan da ke shigowa ɗibar wuta, in sunkuyar da kai kamar ban ji ba, a ciki kuwa daɗi ya cika ni. A gidan akwai ni da shi, da ɗanmu na fari da ya fara tafiya, da mahaifiyarsa, Inna. Inna Bafillatana ce, fara, 'yar ƙarama, mai tsabta kamar me. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu tun ban zo ba, sun karkace kamar saiwar itace, da safe sai ta ɗumama su a bakin murhu kafin su buɗe. Duk da haka kullum tana gindin rumbu da audugarta tana kaɗi, kana jin mazari yana juyawa a kan 'yar fatarta. Na taɓa ce mata ta huta, ta ce, "'Yar nan, yatsun nan in na bar su yini ɗaya ba su taɓa mazari ba, washegari ko ludayi ba za su riƙe ba. Ciwon yana nan ko na yi ko ban yi ba, gara ya same ni da zare a hannu." Maigida shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo gare shi sai ta faɗa mini da ƙarfi yadda zai ji. Haka kunyar mutanen da take.

Ranar da abin ya faru ina tankaɗe na ji hayaniya a ƙofar gida, sai ga shi an shigo da shi a kan ƙyaure, mutane na ta salati. Suna ɗora azara ne a wani zaure, bangon da yake kai bai gama bushewa ba ya ɓalle da shi, azara ta biyo shi ta sauka a ƙugunsa. Cinya ta karye, baya ya bugu. Aka kira maɗori, wani tsoho mai sanyin hannu, ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. Ban taɓa jin namiji ya yi irin ƙarar da ya yi ba. Inna na ɗakinta ko leƙowa ba ta yi ba, amma ranar ce kaɗai na ga mazarinta a yashe a ƙasa.

Kafin damina ta kankama maɗori ya kwance ɗaurin, ya lallatsa wurin, ya ce ƙashi ya kama, a samo sanda ya fara takawa kaɗan kaɗan. Aka samo gora. Abokan aikinsa suka ɗaga shi, ya dafa sanda, ya sa ƙafar a ƙasa. Sai wani zafi ya tsarga masa daga ƙugu har diddige, ya ce kamar an zura masa ƙarfe mai wuta. Ya koma tabarma yana haki. Maɗori ya ce haka yake yi da fari, a sake gwadawa gobe. Da an bar shi da maganar maɗori, ina jin da labarin bai yi tsawo ba. To amma da yammacin ranar wani mai dubiya ya zo, mutumin kirki ne, bai zo da mugun nufi ba, ya zauna yana ba da labarin wani mutumin wajen Dagauda da ya yi irin wannan faɗuwa, ya yi gaggawar tashi, ƙashin bayansa ya ɓalle, tun daga nan rabin jikinsa ya mutu, sai an kwantar an tayar. Ina tsakar gida ina jin su. Mai dubiya ya yi addu'a ya tafi abinsa, ya bar maganar a ɗakin. Washegari da aka kawo sanda maigida ya ce a jingine ta tukuna, sai ya ƙara jin ƙarfi. Sandar nan ta daɗe a jingine har gara ta fara cin gindinta.

Ciwon gaskiya ne, ba ƙarya yake yi ba, in ya motsa zufa ke keto masa. Amma kwanciyar ta zo da nata ciwon. Ƙafar da ta karye ta rame, mai lafiyar ma ta bi ta, har suka koma kamar karan dawa. Gwiwoyi suka sandare. Bayansa da a da gefe ɗaya ke damunsa ya zama ko'ina ciwo yake. Da fari yana salla a zaune, daga baya ya koma yi a kishingiɗe. Duk wani ɗan motsi da ya ji a jikinsa sai ya tsaya cak yana saurare, ya ce, "Kin ji? Wani abu ya yi ƙara." Ko tari yana tsoron yi. Mu kuma muka kewaye shi da hidima yadda aka saba yi wa majinyaci, ruwan alwala a kawo, buta a ɗauke, ƙuda ma a kore masa. Ba abin da ba a gwada ba. Wanzami ya yi ƙaho, an sha rubutu, an jiƙa sassaƙe, ina gasa masa da ruwan zafi in shafa man shanu. Har a motar kasuwa aka kawo shi asibiti nan Azare, likita ya duba ya ce ƙashi ya haɗu, ya ba da ƙwayoyi ya ce a riƙa tafiya. A hanyar komawa ya ce da ƙaninsa, "Likita ba shi ne a cikin jikin nan ba." Wasu kuma suka fara raɗa masa cewa hannu aka sa masa, wai wani magini ne ke baƙin cikin sunan da ya yi. Ya haɗa da wannan ma yana ta juyawa a ransa.

Ƙafafun ba su ci mini rai kamar yadda halinsa ya sauya ba. Da rani ya zagayo aka fara jin "Tubali!" daga nesa, sai ya ce in saki asabarin ƙofa, ya juya fuskarsa bango. Abokan aikinsa in sun yi sallama sai ya ce a gaya musu barci yake, har suka gaji suka rage zuwa. Abinci sai ya tsakura ya ture. Wata rana yaronmu ya rugo da gudu zai faɗa jikinsa kamar yadda ya saba, ya daka masa tsawar da ta sa yaron sakin fitsari a tsaye. Daga ranar yaron ya riƙa zagaye ƙofar ɗakin. Na sha ganin maigida yana bin sa da kallo ta tsakanin asabari, amma bai kira shi ba. Na kuma lura duk ranar da ransa ya fi ɓaci, ranar ciwon ya fi tsanani, ranar da aka samu ya ɗan yi hira kuwa sai ya manta bai nemi gashi ba. Na faɗa wa Inna, ta ce, "Na gani. Ni ba ni da bakin faɗa masa."

Gida kuwa sai an ci. Na kama surfe da dakan mutane, ina yin daddawa, Inna na kaɗi, ƙaninsa yana kawo abin da ya samu daga gona. Ba mu kwana da yunwa ba, amma gidan magini ya zama gidan da ya fi kowanne lalacewa a unguwar. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, ba a yi yaɓe ba. Bangon ɗakinmu na gabas, wanda ruwa ke duka, ya tsage tun daga sama har kana hango haske. Abokan aikinsa sun aiko za su zo su gyara, ya ce ba namijin da zai taɓa bangon da ya gina da hannunsa, in ya warke zai yi.

Cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Yayana daga Itas. Ya gaisa da Inna, ya duba majinyaci, sannan ya kira ni zaure. Tsakanin zauren da ɗakinmu ba nisa, kuma Yaya bai iya magana a hankali ba.

"Baba ne ya aiko ni," in ji shi. "Ya ce ki haɗa kayanki ke da yaro ki zo gida ki huta. Dubi yadda kika koma. Hannunki duk kanta."

Na ce, "Yaya, da lafiyarsa na zauna da shi. Yanzu da ya kwanta sai in tafi?"

"Ba wanda ya ce ki kashe aurenki. Amma kin ga bangon can? Ruwan farko mai iska zai kwanto da shi a kanku. Mu ba za mu zauna a Itas mu jira a aiko mana an tono ku ba. Da na ga hadari ya fara haɗuwa zan dawo. In na tarar da bangon nan haka, da ke zan koma, ko kina so ko ba kya so."

Da ya tafi na shiga ɗaki da ƙwaryar fura. Maigida na kallon bango. Ya yi magana bai juyo ba. "Gaskiya ya faɗa. Ki bi shi. In kina so in sauwaƙe miki ma sai in sauwaƙe. Ni na riga na zama kaya."

Na ajiye ƙwaryar na ce, "Malam, sha furarka. Ni ba inda za ni." Na fito na zagaya bayan rumbu na yi kukana.

Ba wata dabara na ƙulla ba, Allah ya sani. Tunanina gajere ne, in bango ya tsaya Yaya ba shi da hujja. Maza aka hana su taɓa shi, ni ba a hana ni ba, don ba wanda ya zaci zan yi. Maƙwabcinmu wani mutumin Barno ne mai jakuna. Na roƙi matarsa, ta roƙe shi, ya zubo mana ƙasa a tsakar gida, ko daddawa ya ƙi karɓa. Na ɗebo ruwa na kwarara, na tattare zani, na shiga ina tattakawa yadda nake jin ana yi. Da na ga ta yi laushi na zauna ina curawa. Abin da na jera a rana wasu sun baje, wasu sun tsattsage kafin la'asar. Inna ta dube su ta rufe baki da gefen mayafi.

Ƙofar ɗakinmu tana kallon wurin. Ranar farko bai ce uffan ba. Washegari ina cikin tattakawa na ji murya daga bayan asabari: "Ruwan ya yi yawa." Na tsaya cak, don na manta rabon da ya fara yi mini magana da kansa. Na ƙara ƙasa. Can kuma, "Ina ciyawar? Wa ya ce miki ana kwaɓi ba ciyawa?" Na samo ciyawa na daddatsa na zuba. "Kuma ba a curawa ranar da aka kwaɓa. Ki bar ta ta kwana biyu ta ruɓa." Kafin in ankara an naɗe asabari, yana kishingiɗe yana ba da umarni yana faɗa kamar yana kan bango. Ni kuwa faɗan nan ya fi mini kiɗa daɗi. Amma curin dai ya ƙi ni. Tubali yana da siffarsa, gindi mai faɗi, kai a tsuke, hannuna kuma da curin fura ya saba.

Wata rana da hantsi ina fama da wani curi na ji ya yi tsaki. Na ɗaga kai na ga ya dafa ƙasa da hannu biyu ya jawo jikinsa bakin ƙofa. Ya kama siraran ƙafafun nan da hannunsa ya tsallakar da su dokin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Na yunƙura zan tashi in tare shi, sai na ji an riƙe mini zani ta baya. Inna ce, da karkatattun yatsunta. Ba ta dube shi ba, ƙasa take kallo, ta ce a hankali, "Zauna, 'yar nan."

Na zauna. Tsakanin ƙofar da inda ƙasar take ba wani nisa, amma ya daɗe a hanya. Ya ja jiki ya tsaya, ya rufe ido, zufa na ɗiga daga haɓarsa, yana saurare. Na san abin da yake jira, ƙarar ƙashin nan da mai dubiya ya ba shi labari. Ya sake ja, ya sake tsayawa. Da ya iso ya zauna yana haki, ya kai hannu ya shafa bayansa, ya dube ni da mamaki kamar ƙaramin yaro.

"Bai ɓalle ba," in ji shi.

"Bai ɓalle ba, Malam."

Ya tsoma hannu cikin ƙasar ya damƙo, ya shinshina, ya jujjuya ta a tafinsa, ya dire. Tubali sosai, kamar ba a taɓa yin ciwo ba. Ya cura wani, ya ƙara cura wani. Inna ta tashi ta shige ɗakinta, na ji tana fyace hanci.

Kada a zaci daga nan shi ke nan. Da yamma ciwon ya taso masa fiye da kullum, jikin da ya daɗe bai motsa ba ya rama. Ya ce, "Kin gani? Na jawo wa kaina." Washegari bai fito ba, aka sake sakin asabari. Na ɗauka mun koma gidan jiya. Sai Inna ta ɗauko mazarinta ta zo ta zauna a gindin bangon ɗakinmu, inda ba ta taɓa zama ba, ta ɗaga murya tana yi mini magana, ni da nake can wajen murhu. "'Yar nan, ko ni in na cika kaɗi yatsun nan kwana suke yi suna zugi, da safe kuma su buɗe. Zugin aiki daban yake da zugin karaya. Wanda ya yi gini ai ya san bambancinsu." Ranar bai fito ba. Amma bayan kwana biyu, da hantsi, asabari ya ɗaga.

Haka muka yi ta yi, yau fita gobe kwanciya, har kwanakin fita suka rinjayi na kwanciya. Ya fara cin abinci. Yaronmu ya fara matsowa, da fari daga nesa yake kallo, daga baya ya zo ya tsuguna yana kwaikwayon curi, uban ya kama hannunsa ya gyara masa. Da tubali ya bushe maigida ya ce ba sai an rushe bangon ba, za a tayar da wani a jikinsa daga waje ya tokare shi, sannan a cike tsagar a yaɓe. Layukan ƙasa a zaune ya jera su, ina miƙa masa. Da gini ya wuce hannun mai zama ya durƙusa. Da ya wuce nan ma, ya dubi bangon ya dubi ƙafafunsa, ya ce in miƙo masa sandar nan. Ya dafa bango da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya miƙe a hankali. Ashe na manta tsawonsa. Sai da na ɗaga kai sannan na ga fuskarsa.

Can sama kuwa ya san ba zai iya ba, kuma wannan karon da bakinsa ya ce a kira masa abokan aikinsa. Suka zo da safe, na koma ɗakin Inna muna jin su. Da fari gaisuwa ce a ɗarare, kowa na tsoron abin da zai faɗa. Sai wani mai barkwanci a cikinsu ya ce, "Kai, wa ya cura waɗannan na gefe? Ko waina za a soya?" Maigida ya ce, "Na uwargida ne, kuma kada wanda ya taɓa su." Aka fashe da dariya, na ji tasa a ciki.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Yaya ya dawo kamar yadda ya ce. Ya shigo ya tarar da surukinsa a tsaye, ya jingina da sanda, yana shafa yaɓe da tafin hannu. Yaya ya tsaya ya dubi bangon tun daga ƙasa har sama. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe wando ya shiga cikin kwaɓi. Da la'asar ya ci tuwo, ya ce zai gaya wa Baba ya same mu lafiya.

Maigida bai sake hawa bango ba har ya bar duniya. Ƙafar ta ɗan gajarce, yana ɗingishi, ba ya rabuwa da sanda. Amma ya koma cikin mutane. Yana cura tubali a zaune, yana zanen ado a fuskar zaure, in za a kafa tushe shi ake kira ya duba. Ya koma jam'i a masallaci, yana tsayawa ƙarshen sahu inda zai samu miƙe ƙafa. Muka ƙara haihuwa, muka aurar, Inna ta ga jikokinta kafin ta cika. Lokacin sanyi yakan yi kwanaki a kwance ina gasa masa, amma ya daina sauraren jikinsa kamar mai jiran mugun labari, da ya ji dama dama sai ya nemi sandarsa. In ya ji an yi karaya a gari yana cikin masu fara zuwa dubiya, kuma da wani ya fara kawo labarin wanda jikinsa ya shanye sai ya katse shi, ya ce a yi addu'a a tashi.

Yanzu ga ni na kai shekarun Inna har na wuce. Gwiwoyi da ƙugu sun kama ni. 'Ya'yana, Allah ya yi musu albarka, ba sa son in ɗaga ko tsinke. An sayo katifa mai laushi, in na ɗauki tsintsiya sai a ce, "Hajiya, don Allah ki zauna." Suna kai ni wajen gashin ƙashi a asibiti, wata 'yar budurwa mai fara'a ta lanƙwasa mini ƙafa, ta ce in riƙa takawa kullum ko da ciwo, kada in bari tsoro ya zaunar da ni. Na ce mata to, 'yata. Maganin yanzu ya fi na da, ba a ma haɗawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da zai fito da majinyaci tsakar gida. A da a idonka ake aiki, ko kana kwance kana jin sa yana kiranka. Yanzu kowa da ɗakinsa da ƙofarsa a rufe, niƙa a inji, gini a hannun 'yan kwangila, tsoho mai ciwo sai ya yini yana kallon silin ba mai buƙatar hannunsa. Shi ya sa nake sa a kawo mini zogale in tsinke, ko wake in tsince, sannan in lallaɓa zuwa gidan maƙwabciyata da ta kwanta tun bara in kai mata rabi.

A nan Azare maigida ya yi jinyar ajali, bayan babban ɗanmu ya dawo da mu kusa da shi. Tsufa ne kawai da ƙarewar kwana. Wata rana da hantsi aka fito da shi inuwar bishiyar maina, ina shafa masa man zafi a baya. Tsawon zamanmu duk safiya in na ce ya jiki, amsarsa ɗaya ce, da sauƙi, har na ɗauka sai da sanyi ne ciwon ke leƙo shi. Ranar sai na ji ina son in tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba.

"Alhaji, wai yaushe ne ciwon ƙugun nan ya sake ka? Bayan gyaran bangon nan ne, ko sai daga baya?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai bai taɓa sakina ba. Ko yini ɗaya."

Hannuna ya tsaya a bayansa. "Duk shekarun nan? Kana ta ce mini da sauƙi?"

"Da sauƙin ne," in ji shi. "Yana nan, ni ma ina nan. Da jira na yi ya tafi kafin in tashi, da a ɗakin can zan ƙare, ke kuma kina Itas." Sannan ya ce, "Ci gaba da shafawar mana, kin tsaya."

Na ci gaba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya sa inda suke kwance yanzu babu ciwo.